Ƙarin Girman da Attahiru Ya Ƙi

Jamilatu na tsakar gida tana gyaran ganyen tafasa, don a Sabon Birni wannan shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, sai mahaifiyarta Inna Habi ta faɗo gidan tana rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Ɗiyata, Allah ya kashe ya ba ki! An yi ma Attahiru ƙarin girma a Sakkwato. Yanzu haka ubanshi Malam Maliki ya yanka rago can Unguwar Lalle, jama'a sai tururuwa suke zuwa murna!"

Jamilatu ta ajiye ganyen. Rago? Ragon nan guda da ya rage a gidan Malam Maliki, wanda aka ajiye don ɗaurin aurenta da Attahiru bayan kaka? Ai shekaranjiya Attahiru ya gaya mata a waya cewa bai ba kamfani amsa ba tukuna!

Da la'asar sai ga shi a zaure, ya sauko daga babur fuska a yamutse.

"Jamila, na shiga uku," in ji shi. "Cewa kawai na yi ma Baba ana son ba ni kujerar oga. Shi ko ya ɗauka naɗi ne irin na sarauta, in an ce za a ba ka to an ba ka. Har maroƙi na tarar shina kirana Sarkin Kwamfutan Gobir!"

"To mi ya hana ka amsa, Yaya Attahiru?"

Ya sauke numfashi ya yi mata bayani. Manhajar da kamfaninsu ke aiki da ita, da wani tsohon yaren kwamfuta aka rubuta ta, wanda duniya ta daɗe da yin watsi da shi. Masu iya shi ba su cika tafin hannu ba, shi ya sa da ogansu zai yi ritaya aka ce shi ya hau, albashi ya ninka. Amma sai ya sa hannu zai zauna shekaru a kan wannan yare kaɗai. Ga kuma wani kwas da ya samu a Kaduna na sabon yaren da kowane kamfani ke nema, sai dai alawus ɗin ko cikinsa ba zai cika ba.

"In kamfanin ya daina aiki da tsohon yaren fa?" ta tambaya. "Wa za ya ɗauke ka?"

"Babu. Ko mutum guda. Amma Jamila, ƙannena da yunwa suke kwana! Rumbun Baba ko ɓera ya yi ƙaura. Ga rago an ci. Don Allah ki gaya mani, mi za ni yi?"

Hawaye suka zubo mata. Ta san in ta ce ya amsa, kafin watanni kaɗan tana ɗakinta. Wallahi tana son wannan auren kamar ranta! Amma ta dubi saurayin nan da ya sha wuya ya yi karatu, ta hango shi nan gaba da furfura yana yawo da takardun da ba mai so.

"Kar ka amsa," ta ce. "Tafi Kaduna."

Kai, ashe tsokano tsuliyar dodo ta yi! Da Attahiru ya durƙusa ya gaya wa mahaifinsa, Malam Maliki ya miƙe tsaye a fusace.

"Nama ya shiga cikin mutane, ta yaya za ni maido shi? Ni za ka kunyata a ƙasar Gobir? Wane ɗan halak ake ba girma ya ce a'a? Na san mai zuga ka! To ka ji, in ka ƙi kujerar nan, ba ni ba zuwa karɓa maka auren yarinyar, kuma ba wani ɗan'uwana da za ya je!"

A gidansu Jamilatu ma ba a kwashe da daɗi ba.

"Ke wace irin mai baƙin baki ce?" Inna Habi ta ce tana tafa hannu. "Arziki ya zo har ƙofa kin sa tsintsiya kin share! Ubanki ya rasu ya bar ni da ke, na yi ta tara maki kayan ɗaki da kuɗin ƙuli-ƙuli, yau ki ce miji ya koma ɗan koyo?"

A bakin rijiya kuwa, da ta iso sai mata su yi shiru, ta juya baya su ɗora. Wai ta shanye ɗan mutane, tana son kashe gidansu da yunwa. Jamilatu ta rame ta yi baƙi, abinci ma ba ya wuce mata.

Ba a yi mako ba Attahiru ya kira ta, murya a dashe.

"Jamila, za ni sa hannu gobe. Autarmu Fatu ta faɗi a hanyar makaranta, ba komai a cikinta. Ba ni iya tafiya in bar su haka."

"Ka jira ni zuwa jibi," ta ce. "Ranar kasuwa ce. Don girman Allah kar ka taɓa biro sai ka ji ni."

Ta shiga ɗaki ta zube gaban Inna Habi, ta riƙe ƙafafunta.

"Inna, ki ba ni kayan ɗakina in sayar."

"Mi? Kin haukace? Amarya ba gado ba kwalla? Dariyar Sabon Birni kike so mu zama?"

"Inna, gado ba miji, mi za ni yi da shi? Yara ne ke faɗuwa da yunwa. In gidansu ya samu hatsi, shi kuma ya samu tafiya."

Inna Habi ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta fashe da kuka ta wurgo mata makulli. "Ɗauka! Ranar da kika tare da tabarma kar ki ce ni na jawo maki."

Aka kwashe gado da katifa da kwanuka zuwa kasuwa. Da abin da aka samu ta sayi gero wajen fataken Burkusuma, ta aika wa Larai mahaifiyar Attahiru, ta roƙe ta kar Malam ya san inda ya fito. Malam Maliki ya ga tuwo ya dawo gidansa, ya zaci ɗan'uwan matarsa ne ya taimaka, bai tambaya ba. Attahiru kuwa ya kama hanyar Kaduna yana share hawaye, uban ko sallamarsa bai amsa ba.

Damina ta sake zuwa, ta sake yin rowa. Jamilatu na kwana a tabarma, tana tuyar awara a ƙofar gida, samari na zuwa tana korarsu. Wani lokaci ita kanta takan tambayi zuciyarta ko kuskure ta tafka.

Sai labari ya iso: kamfanin Sakkwato ya koma sabuwar manhaja, ya sallami duk 'yan tsohon yare. Kalilu, abokin aikin da ya hau kujerar da Attahiru ya ƙi, ya bi ofis-ofis ba wanda ya kula shi. Attahiru kuma kafin ya gama kwas wurare biyu ke nemansa. Ya kama aiki a ɗaya daga ciki. Ranar da buhunan hatsin da ya fara aikowa suka iso Unguwar Lalle, Larai ta kasa riƙe sirrin, ta gaya wa mijinta geron wa ya ci shekara guda.

Washegari da hantsi Malam Maliki ya yi sallama gidan Inna Habi. Ya nemi a nuna masa ɗakin Jamilatu, ya leƙa ya ga tabarma da buta kaɗai. Jamilatu ta durƙusa tana gaishe shi.

"Ɗiyata," ya ce, "ina zaginki, ina cin gadonki. Ki yafe mani."

"Baba, ba ka yi mani komai ba."

Ya juya wajen Inna Habi. "Juma'a mai zuwa za mu zo karɓar aure. Kayan ɗaki kuma kar ki sayi ko cokali, ni za ni yi."

"Haba Malam! Ina aka taɓa jin uban ango ya yi ma amarya kayan ɗaki?"

"To a fara ji daga kaina. Su yi ta magana a rijiya!"

Haka kuwa aka yi, Jamilatu ta tare a ɗakin da surukinta ya cika da hannunsa. 'Yan'uwa, ba kowace kujera ce ake gani a hau ba, a fara duba inda za ta kai mutum. Mai son ka da gaskiya shi ne wanda zai gaya maka abin da zai jinkirta masa nasa farin cikin, ya kuma tsaya ya sha wuyar tare da kai. Mahaƙurci mawadaci.