Maganar da Ta Kusa Korar Sista Mariyamu

A wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Warra, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma bakinta ya fi hankalinta sauri.

Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce tak a ƙaramin asibitin ƙauyen. Sunanta Sista Mariyamu. Ita ce mai allura, ita ce mai wanke ciwo, ita ce mai karɓar haihuwa.

Wata Litinin kwalba ta yanke yarinyar a ƙafa. Ta je asibiti ta bi layi. Layi ya zo kanta ke nan, sai aka shigo da wani masunci mai suna Ɗanjuma. Farfelar injin jirgi ta sare shi a hannu, jini na zuba. Sista ta ce yarinya ta jira.

Ba a duba ta ba sai azahar. Tana fita ta ga matar Ɗanjuma ta shigo da manyan kifaye biyu. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Washegari ta gaya wa 'yan ajinsu wai Sista ba ta duba kowa da wuri sai ya kawo kifi. Yara suka kai maganar gida. Daga gida ta tafi rijiya, daga rijiya ta shiga kasuwa. Mata suka daina gaishe da Sista. Wani ma ya jefa mata baƙar magana a gaban marasa lafiya.

Bayan sati biyu aka ji Sista ta rubuta takarda, tana neman a canza mata wurin aiki.

Malamin ajinsu, Malam Bitrus, ya bi diddigin maganar har ya gano tushenta. Ya zo ya shaida wa Innar yarinyar. Ya ce kifin ma Sista ba ta karɓa ba, cewa ta yi a dafa wa mai ciwon.

Inna ta kira 'yarta cikin fushi.

"Ke kin san wadda kika ɓata wa suna? Da hannunta ta karɓe ki ranar da na haife ki. Bara da aka yi jihar Kebbi, abokan aikinta suka koma Birnin Kebbi, inda ake da wuta da famfo. Ita ta ce ba za ta bar mu ba. Sakayyarki ke nan?"

Maƙwabciyarsu Dije, mai cikin wata takwas, ta ce in Sista ta tafi, sai dai a kai ta Yelwa haihuwa. Ta ƙi amsa gaisuwar yarinyar.

Yarinya ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da safe ta tsaya gaban dukan makaranta ta ce ƙarya ta yi. Ta je rijiya ta faɗi haka. Sannan Inna ta raka ta asibiti, ta durƙusa ta nemi gafara.



"Na jure ƙarancin magani," in ji Sista. "Na jure aiki ni kaɗai, ba hutu. Abin da ya riƙe ni a nan shi ne kun yarda da ni. Da aka ce ni maciyiyar hanci ce, sai na rasa dalilin zama."

Dattawan ƙauye suka ji kunya. Suka zo suka ba ta haƙuri. Samari suka gyara rufin asibitin da ke yoyo. Aka kuma rubuta wa ƙaramar hukuma a turo mata mataimakiya.

Sista ta janye takardarta. Da Dije ta haifi ɗa namiji, ita ta karɓe shi.

Tun daga nan yarinyar ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Ta gane cewa mai yi wa jama'a hidima yana bukatar a mutunta shi, kuma ƙarya ɗaya tana iya raba gari da mai taimakonsa.