Cizon da Ya Koma Hannun Dama

"Auta, duk garin nan ke kaɗai ce ba ki sani ba," in ji Yaya, ta turo mata waya ta saman tebur.

Auta ba ta taɓa wayar ba. Hannuwanta na cikin safar roba, ga kwalaben jini goma sha biyu a gabanta suna jiran lamba, ga kuma yayarta ta kutso ɗakin gwaje-gwajen asibiti da tsakar rana, jaka a hammata, kamar wadda aka aiko da sammaci.

Maganar a kan Dogo ce, wanda saura mako biyar a ɗaura musu aure. Shi ke rubuta shirin nan na matattu masu tashi da ake nunawa a talabijin duk Asabar. A shirin, duk wanda gawa ta ciza sai ya yi kwana uku yana zazzaɓi, ya mutu, sannan ya miƙe ya shiga sahun tasassu. Ba a taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Amma Kyaftin, jarumar shirin, sau uku ana cizonta, sau uku tana tashi garau, ko jan bakinta bai goge ba. Shi ne mutane suka ce ai abin a fili yake, marubucin ne ya kasa kashe wadda yake so.

"Goggo ta ji," Yaya ta ƙara, tana rage murya. "Ta ce a dakatar da komai. Baba ya ce zai yanke magana ranar Lahadi."

"Sau uku kika ce?"

"Ke ana miki maganar aurenki, kina lissafin cizo?"

Ana yawan cewa kishi ne ke fara kama mace a irin wannan lokaci. Abin da ya fara kama Auta haushin kwana ukun nan ne, domin ita ta ba shi su. Shekara biyu da suka wuce ya zo gwajin jini, ya karɓi sakamakonsa, ya ƙi tafiya, ya tsaya bakin taga yana tambayarta kwana nawa cuta za ta ɗauka daga cizo zuwa ƙwaƙwalwa. Ta ɗauka mai taɓin hankali ne. Da ya yi bayani, sai ta juya wata tsohuwar takardar gwaji ta rubuta masa dokoki: sai haƙori ya huda fata, sai an yi kwana uku, kuma tasassu ba sa gani, da ji suke farauta. Tun ranar yake kiranta Likitata, ita kuma ta kasa hana shi.

Rabonta da shirin tun kashi na shida. Aiki ya yi yawa, ga hidimar biki, shi ma kullum cewa yake ta bari ta tara su ta kalla a nutse. A lokacin ta ɗauka tausayi ne.

Washegari ba ta da aiki. Ta rufe ɗaki da safe, ta ɗauko littafi da biro, ta kunna daga kashi na bakwai.

Kafin azahar ta cika shafi huɗu, biron har yana huda takarda. Tasassun da ba sa gani sun koma bin hasken tocila. Motar da ta shekara biyu a yashe cikin ciyawa ta tashi da murɗa makulli ɗaya. Wani mutum da aka binne a kashi na huɗu ya dawo yana gadin ƙofa, babu wanda ya tambaye shi daga ina. Da aka ciji Kyaftin kuwa, sai wani likita ya fito daga inda Allah kaɗai ya sani, ya ɗaga kwalbar jininta sama, ya kalle ta da ido kawai, ya ce jininta na musamman ne. Auta ta tsayar da hoton ta yi tsaki mai tsawo. Shekara shida tana gwada jini, ba ta taɓa ganin wanda aka gane ta hanyar ɗaga shi sama ba.

Sai a kashi na tara ta ajiye biron. Cizon farko a hannun hagu aka yi shi, ta koma baya ta tabbatar. A nan kuwa Kyaftin ta naɗe hannun riga tana nuna wa jama'a tabon a hannun dama.

Dogo mutum ne da ya taɓa kiranta tana tsakiyar aiki don ya ji ko ciwon kwana biyu kumbura yake yi ko baƙi. Namiji na iya son mace har ya hana ta mutuwa a takarda, wannan ta yarda. Amma so ba ya ɗauke tabo daga hannu ya kai wani hannun.

Ta kira shi. Ya ɗauka da "Likitata" kamar kullum, ya ce yana wurin ɗaukar shiri, aiki ya sha masa kai, zai kira ta anjima. Ta ce Allah ya taimaka, ta sa mayafi ta fita.

A wani tsohon sito ake ɗaukar shirin. A tsakar wurin ta tarar da gawarwaki kusan talatin zaune kan bencina suna shan shayi, wani da rabin muƙamuƙi a waje yana neman mai aron caja. Ta tambayi inda marubuci yake, kowa ya kalli ɗan'uwansa. Kafin wani ya amsa sai ga jarumar ta fito cikin kakin Kyaftin, ana bin ta da lema.

"Au, ke ce amaryar tamu?" Ta kalli Auta daga sama har ƙasa. "Sannu, ƙanwata. Dogo akwai zurfin ciki, ko? Ni dai na ce masa ya gaya miki gaskiya tun wuri..."

"Hajiya, a wane hannu aka fara cizonki?"

Jarumar ta dubi hagu, ta dubi dama, ta ce ita ba ta da lokacin shirme, ta wuce. Mai riƙe lemar ya bi ta yana danne dariya.

Wata dattijuwa da ke tsaye a ƙofar wani ɗan ɗaki, hannunta duk jan fenti, ta yafito Auta. Ita ce mai kwalliya, wadda ke yi wa tasassu fuska. Ta janyo mata kujera a gaban madubi, ta kore mata ƙudaje daga kan wani kwanon jinin ƙarya, ta ce tun da aka fara ɓarnar nan take jiran mutum ɗaya ya yi wannan tambaya.

Ta nuna mata bango. Babu komai a jiki sai ramukan ƙusa. Nan, in ji ta, katunan Dogo suke a da, kowane ɗan wasa da nasa: ranar da aka cije shi, a ina, yau kwana nawa, wane launi ciwon zai yi. Da su take aiki kowace safiya. A kashi na bakwai ya rubuta mutuwar Kyaftin, ita da kanta ta yi awa huɗu tana yi wa jarumar fuskar gawa. Jarumar ta kalli madubi ta fashe da kuka, ta wanke fuskar, ta tafi wurin mai shirin. Mai shirin ya ce ba a kashe wadda 'yan kallo ke so, a sake rubutu. A kashi na takwas Dogo ya sake kawo mutuwar, aka sake mayar masa. Ranar ya cire katunansa ɗaya bayan ɗaya ya fita, yau mako biyar ke nan.

"To wa ke rubutawa, Anti?"

"Mai shirin da ita, a waya, da safe, ana ɗaura kyamara. Ranar tabon nan na tambaye su hagu ne ko dama, suka ce wa zai lura."

Zancen soyayya kuwa, ta ce a kujerar nan da Auta ke zaune aka haife shi. Tana shafa wa jarumar hoda tana ji tana gaya wa ƙawayenta a waya cewa marubuci ya mutu a kanta. Gara a ce sonta ake yi da a ce kuka ta yi aka bar ta.

Auta ta yi godiya ta miƙe. Ta zaci za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji wani sabon haushi ya taso, wanda ya fi na safe.

Ba ta sha wahalar nemansa ba. Wansa na da shagon buga takardu kusa da jami'a, kuma Dogo ba shi da wurin ɓuya da ya wuce nan. Ta same shi a lungu bayan injin kwafi, ya duƙufa yana buga wa wata ɗaliba aikin kammala karatu. Da ya ɗago ya gan ta, yatsunsa suka tsaya cak.

"Wurin ɗaukar shirin ke nan?"

"Likitata..."

"Kada ka Likitata ni. Tambaya ɗaya na zo da ita. Jininta na musamman ne. Wa ya rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. Ɗalibar ta tattara takardunta a hankali ta koma bakin ƙofa, inda za ta fi ji da kyau.

"Ni ne."

"Kai."

"Sun tsare ni a ofis, mai shirin na cewa ko in gyara ko in ajiye aiki. Na tuna saura wata biyu da 'yan kwanaki bikinmu. Cikin minti goma na rubuta shi. Ko a mafarki na ji layin nan sai na farka."

Ta zazzage masa duk abin da ke shafi huɗun nan, ba ta tsallake ko tocila ba. Ta ce ya ɗauki dokokin da ta rubuta masa da hannunta ya miƙa wa mutanen da ba su san hagu da dama ba. Ta ce ya bar sunansa yana fitowa duk Asabar a kan shara, har 'yan unguwa na yi wa mahaifiyarta jaje. Mako biyar yana sa riga mai guga yana ce mata ya tafi aiki. Da budurwa ya yi, in ji ta, da aƙalla ta san da wa take faɗa.

Ya ce Baba tun farko bai ɗauki rubutu sana'a ba, Goggo kuwa har yau "mai gawarwaki" take kiransa. In ya sa a cire sunansa, ranar za su san ba shi da aiki. Ya so ya sami wani kafin biki, sannan ya faɗa.

"Ka gwammace a ce kana neman wata da a ce ba ka da aiki?"

"Ban san zancen ya kai gidanku ba, wallahi." Ya ɗago ya dube ta. "Ni ke nake so, Auta. Ko a takarda ban taɓa son wata ba."

Ta juya masa baya tana kallon injin kwafi, don kada ya ga idonta. Da ta juyo, sai ta ba shi sharaɗi biyu. Yau ɗin nan ya rubuta wa masu shirin su cire sunansa. Ranar Lahadi kuma ya zo gida ya faɗi komai da bakinsa, a gaban Goggo.

"Har da Goggo?"

"Musamman Goggo, masoyi."

Ranar Lahadi ya zo da hantsi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofar falo, ya faɗi komai, har da minti goman nan. Goggo ta tafa hannu ta ce ashe abin ya fi yadda ake faɗa muni, da ma neman matan ne, ai ana shiryuwa, amma rashin aiki fa? Yaya ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa. Auta na bayan labule tana saurare.

 Baba ya ce mutumin da ya bar aiki don kada ya yi ƙarya a wasa, ya dawo yana yin ta a gida, akwai gyara a lamarinsa. Amma tunda ya kawo kansa, shi ba zai ɗaga rana ba. Sannan ya gyara zama ya ce yana da tambaya, tun kashi na biyu take cin sa.

"Su waɗannan gawarwakin naka, shekara biyu suna yawo cikin rana da ruwan sama. Me ya hana su ruɓewa?"

 Dogo ya juya ya kalli labule. Labulen bai motsa ba.

"Ke ma ba ki sani ba, Auta?" in ji Baba. "To ku je ku yi tunani, ku biyun."

An ɗaura auren a ranar da aka sa. Dogo bai taɓa neman jarumar ba. Kashi na bakwai shi ya rubuta shi, don tsoron mai shirin. Na takwas aka mayar masa ya fita, daga nan zuwa ƙarshe babu hannunsa a ciki.