Memorin da Aka Goge

Mai haɗa rediyon mota yana shirin rufe shago bayan isha, sai wani mutum ya yi sallama a bakin ƙofa. Warin fetur da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo tare da shi.

"Maigida, rediyo nake so, mai cin memori."

Mai shago ya jera masa sababbi a kwalinsu, amma baƙon ya nuna wata tsohuwar rediyo a ƙarƙashin tebur. Mai shago ya leƙa ya dube ta. Daga motar wani da ya mutu a hatsari ya ciro ta. Matar mamacin ta yi ta zuwa da goyo a baya, tana roƙon memorin da ke ciki, domin akwai muryar mijinta yana yi wa 'yarsu wasa. Ya rantse bai gani ba, alhali tuni ya goge shi, ya cika da waƙoƙi don jan mai saye.

"Yallaɓai, wannan ta sha jiki, sai addu'a. Ina motar taka?"

"Ai ka san ta. Kunna mu ji."

Ya maƙala waya a batir, waƙa ta tashi. Sai wayar ta suɓuce daga batirin, fitilar rediyon ta mutu.

"Ba wannan ba, ɗan'uwa. Sa min inda yarinyata take dariya."

Mai shago ya ɗago kai. Bakin mutumin a rufe yake ruf. Daga lasifikar da ke jikin gwiwar mai shago muryar take fitowa.