Ƙasar da Lonjezo Ya Mayar Kan Tudu

Masu farautar ɓera ne suka sa wa tudun bayan garinmu wuta. Iska ta ƙwace ta daga hannunsu, ta hau da ita har gindin Dutsen Mulanje. Kowa ya fita da ɗanyen reshe yana duka, maza da mata. A nan Lonjezo ya fara ganin Tiyamike.

Shi ba ɗan garinmu ba ne. Daga ƙetaren rafi yake, yana tsinkar ganye a gonar shayi. Hayaƙi ya gani, ya ajiye kwando ya zo, ba wanda ya kira shi. Yana cikin dukan wuta ƙafar wandonsa ta kama, bai sani ba. Sai ya ji an zabga masa reshe a ƙwauri.

"Kai! Me na yi miki, Achemwali, 'yar uwa?"

"Wandonka ke ci. In ba ka so, ka ba mabuƙaci."

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ta. Toka ta rufe mata fuska, sai idanu da haƙora.

"Ai da kin bar ni. Da na ƙone, kin zo dubiya."

"Ban san gidanku ba."

"To ga lambata, sai ki tambaya."

Ta yi tsaki. Amma ta karɓa.

Wuta ta mutu ta bar tudu baƙi ƙirin. Gidan Esinati, uwar Tiyamike, shi ne na ƙarshe a gindin gangaren, ba komai tsakaninsa da tudun sai gona. Kullum da safe yarinyar takan hau da 'yar wuƙa. Ta kankare bawon kututture, in ta ga ɗanye a ciki ta ɗaura masa tsumma, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Haka kakarta ke yi.

Ranar Lahadi in an tashi coci, waya takan yi ƙara.

"Mai Toka, yau ma za ki hau? Ƙafata na ƙaiƙayin tudu."

"Mai Rabin Wando, zo da ruwan sha. Ka daina zuwa hannu rabbana."

Yakan zo da gora da rake. Ita tana aiki tana yi masa bayani.

"Ka ga wannan? Masuku ne, itacen da muke cin 'ya'yansa. Sama ya mutu, ƙasa na nan da rai. Saiwarsa ce ke riƙe da tudun nan. Da ruwa ya sauka zai yi toho."

"Haka ne."

"Kana ji kuwa?"

"Kowace kalma, Tiya tawa."

Ƙarya yake. Bakinta yake kallo. Ba abin da ya shiga kunnensa.

A wajenmu miji ke tarewa a gidan matarsa, kuma ba uba ke bayar da 'ya ba, wan uwa ne. Malumen Tiyamike, wato kawunta, shi ne Bambo Muhiwa (Bambo a wajenmu kamar Baba ne), dattijo mai taurin kai wanda ba ya maimaita magana. Ya riga ya ajiye mata wani a ransa: Lakisoni, mai shago a bakin titi, mai babur, wanda ba ya wuce ƙofar dattijon sai ya sauke sabulu ko sukari.

Da Lonjezo ya zo gaisuwa ya durƙusa, Bambo Muhiwa ya ce ya buɗe hannu. Ya duba.

"Hannun tsinkar ganye. Wannan zai riƙe garma?"

"Zai riƙe, Bambo."

"Za mu gani. Daga bayan gidan ƙanwata zuwa wancan babban dutse, ka share mini. Toka taki ce, bana masara za ta yi a wurin. Kada in ga kututture ko ɗaya. In ruwa ya riga ka, kada ka dawo."

A lokacin Tiyamike ba ta gari. Yayarta ta haihu a Phalombe, ta tafi zaman jego. Esinati ta ji sharaɗin, ta buɗe baki, yayanta ya kalle ta, ta rufe.

Lonjezo ya ari diga. Kafin ya tafi gonar shayi yana kan tudu, in ya taso yana kan tudu. Saiwar masuku ba ta fita da wasa. Hannunsa ya yi ƙurji, ya fashe, ya sake yi. Ya ga tsummokin da ke jikin kututturan, ya tuna ita ta ɗaura, ya yi murmushi ya ci gaba da haƙa. Ya aika mata:

"Tiya tawa, in kin dawo za ki ga abin da na yi saboda ke. Ba zan faɗa ba."

Ta mayar: "In kaza ka saya, ka ajiye mini cinya."

Ranar da ta dawo, ko ƙunshin kayanta ba ta sauke ba ta zagaya bayan gida. Rabin gangaren ya koma jar ƙasa, tas, a tone. Kututtura a tare wuri guda, saiwa sama, tsummokinta na jikinsu. Lonjezo ya sauko da gudu yana share gumi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni kaɗai! Ba wanda ya kama mini."

Ta nuna masa kututturan.

"Na ce maka suna da rai."

"Malume ne ya ce..."

"Malume za ka aura?"

"Ya ce in ban yi ba, babu ke."

"Gidan uwata ne a ƙarƙashin nan, Lonjezo. In ruwa ya sauko, ina zai tsaya? A hannunka?"

Ta kwance tsumma ɗaya daga jikin kututture, ta dunƙule a hannu, ta shige gida.

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ranar kasuwa ya gan ta a bayan babur ɗin Lakisoni, da buhun abarba a cinyarta. Lakisoni ya danna masa oda ya wuce. Lonjezo ya zauna a bakin hanya ya rubuta:

"Tiya, sai yanzu na ji ki. A da ban ji ba. Ki faɗa mini yadda ake gyarawa, ko da ba za ki ƙara yi mini magana ba."

Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Kututture in ya fita ya fita. A jera itace a gicciye, a kafa turaku a tare shi, a dasa ciyawar jema a bayansa. Kada ka ƙara rubuto mini."

Ya tafi ya sami Bambo Muhiwa a gindin mangwaro, ya durƙusa.

"Bambo, ba zan ƙarasa ba. Sauran rabin zan bar shi yadda yake."

"Ka gaji?"

"Ban gaji ba. Ɓarna na yi."

"Maganata ce ɓarna?"

"Hannuna ne ya yi, Bambo."

"To ka san hanyar gidanku."

Ya san ta, amma bai bi ba. Da safe aka gan shi yana jawo kututturan da ya tara da ƙonannun itatuwa, yana jera su layi-layi a gicciyen gangare. Ya je bakin rafi ya tono jema ya dasa. Bambo Muhiwa ya ɗauki sandarsa zai hau ya kore shi. A nan Esinati ta yi magana.

"Yaya, 'yar kai za ka bayar. Gonar kuwa tawa ce. Bar shi."

Ruwa bai jira jema ta kama ba. Wata la'asar sama ta yi duhu, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Layukan sama sun riƙe. Na tsakiya ya ɓalle. Jar laka ta gangaro ta cika tsakar gidan Esinati har gwiwa, ta tura bangon madafi ya kwanta, tukwane da murhu duk a ƙarƙashi. Ba wanda ya ji rauni. Rabin da Lonjezo bai taɓa ba ko gezau bai yi ba.

Gari ya taru yana jaje. Kowa ya san mai laifi, kowa ya ce ba za a sake ganin ƙeyarsa ba.

Sai ga shi da kwandonsa na gonar shayi, ya shimfiɗa buhu a ciki. Bai gaisa da kowa da ƙarfi ba. Ya sa garma ya cika kwando da laka, ya goya, ya hau. Ya zuba a bayan layin itace, ya tattake da ƙafa, ya sauko ya sake cikawa.

Mutane suka yi dariya. Ba mu taɓa ganin wanda ya mayar da ƙasa kan tudu ba. In ta sauko ta sauko, sai a kwashe a zubar a rafi.

Lakisoni ya tsayar da babur a bakin shinge.

"Achimwene, ɗan uwa, sannu da aiki! In ka gama ka zo ka mayar mana da rafi kan dutse."

"To. Ka tanadi kwando."

Ya wuce da kayansa.

Tiyamike tana tsince tukwane daga laka, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Da ta ga gari ya sake wayewa yana nan, igiyar kwando ta yanka masa kafaɗa har riga ta jiƙe, sai ta ɗauko babban kwanon wanki, ta cika, ta aza a ka, ta bi bayansa.

A saman layi suka haɗu.

"Ba don kai ba ne. Don ƙasar."

"Na sani."

"Ba haka ake tattakewa ba. Matsa."

Ya matsa. Ta tattake. Ta kama hannunsa ta juya, ta ga yadda ya farfashe.

"Me ka sa masa?"

"Ba komai. Shi ya tone, haƙƙinsa ne."

"Wawa."

"Na yarda."

"Na hau babur ɗin nan ne don buhun ya yi mini nauyi."

"Ban tambaya ba."

"Fuskarka ta tambaya, Mai Rabin Wando."

Ya yi dariya har ƙwalla. Ta ja shi gefe, can inda bai tona ba, ta ɗaga ƙaya daga wani kututture. Toho ya fito a gindinsa, jajaye-jajaye, laushi kamar kunnen jariri.

"Yanzu me na ce maka?"

"Sama ya mutu, ƙasa na nan da rai. Saiwa ke riƙe da tudu."

"Ashe kana da kunne."

"Da tsada na saye shi, Tiya tawa."

Duk wannan Bambo Muhiwa na zaune a gindin mangwaro yana gani. Bai yi dariya da masu dariya ba, bai kuma ce sannu ba. Da tsakar gida ta kusa fita daga laka, wata safiya ya dogara sanda ya hau. Ya bi layin da ya ɓalle, ya shuri wani turke, turken ya girgiza.

"Wannan bai shiga ba."

Ya ɗauki dutse ya buga shi da kansa har ya zauna. Ya dubi gangaren da aka tone da umarninsa, ya dubi wanda aka bari. Ya sauka.

Lakisoni bai yi sanya ba. Ya turo wakilansa da bargo da sukari, da alkawarin gina wa Esinati madafi na bulo da rufin kwano. Labari ya ƙetare rafi, malumen Lonjezo ya saɓo kaza ɗaya ta neman aure ya taho a ranar. Aka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin mangwaro, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Bambo Muhiwa ya sa aka kira Tiyamike. Ta zo ta durƙusa nesa, laka a ƙafarta.

"Cikin baƙin nan, wa kika sani?"

"Na san masu kaza, Malume."

"Kin san shi ya tone miki itatuwa?"

"Na sani. Na kuma san wanda ya sa shi."

Esinati ta rufe baki da gefen zane. Dattijon ya kalli 'yar ƙanwarsa har aka zaci zai ɗaga sanda. Sai ya juya wajen malumen Lonjezo.

"A karɓi kazar. Bayan girbi a ɗaura. Ya gina ɗakinsa a bayan na ƙanwata, gindin tudun. In ƙasa za ta sauko, shi za ta fara samu."

Esinati ta rangaɗa guɗa. Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu jin magana tun karon farko, ya sa su ci masuku daga tudun nan da jikokinsu. Lonjezo yana can sama da kwando a baya. Da ya ji guɗar ya tsaya, bai san ta wa ce ba, sai da ya ga Tiyamike ta nufo shi da gudu.

Babban wakilin Lakisoni ya gyara zama.

"Bambo, a dai sake tunani. Yaron nan shi ya rushe muku madafi."

"Shi ne. Wa ya kwashe lakar?"

"Bulo fa muka ce, Bambo, da kwano. In kuma akwai abin da za a ƙara, a faɗa."

Bambo Muhiwa ya tura bargon da bakin sandarsa har ya sauka daga tabarma.

"Ku ɗauki kayanku. Ban ba ku ba."