Babbar Hanyar da Ta Ƙare a Ƙofar Baba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun ajiye wayoyinmu.

To, a bakin wani gari akwai layin da ba ya ɓullewa ko'ina. Idan ka miƙe shi, ƙarshensa ƙofar lambun wani dattijo ne mai sayar da dashen itatuwa da furanni, kowa Baba yake ce masa. Amma a taswirar waya an zana layin nan da kauri, an shafa masa rawaya, har an liƙa masa lambar babbar hanya. Ita kuwa babbar hanyar ta gaskiya, wadda ke karkata hagu kafin gada, an zana ta siririya kamar zare. Shi ya sa kullum sai ka ga motoci sun shigo da ƙarfinsu sun yi cirko-cirko a ƙofar Baba, wayar direba tana ta ce masa ya ci gaba da miƙewa.

Wata safiya Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, tana ba shuka ruwa, sai ga wata farar mota mai ɗaukar ƙwai. Direban saurayi ne dogo. Garin juyawa a hankali don kada kayansa su fashe, sai ya bi ta kan jerin dashen lemo da ke cikin baƙaƙen leda.

Ya fito yana ba da haƙuri, yana nuna mata wayar a matsayin shaidarsa. Auta ta leƙa, ta dube shi.

"Malam, wayarka ta ce ka wuce ta cikin ɗakin Mamana. Mu buɗe maka ne?"

Dariya ta ƙwace masa. Sai ya durƙusa da farar rigarsa ya hau tattara ƙasa yana mayarwa cikin ledojin. Ita kuma ta tsaya da butar ban ruwa a hannu tana cewa ba haka ake yi ba, alhali daidai yake yi. Da zai tafi ya roƙi lambarta, wai ko zai sake ɓata ya nemi mai nuna hanya. Ta ce lambar lambu ce, ta ciniki. Amma tata ta ba shi.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Salam. Ɓataccen nan ne na ɗazu. Ƙwai sun isa lafiya, ko ɗaya bai fashe ba. Ni ne dai ban koma daidai ba. Yaya lemon da na taka?"

Ta bar shi ya ɗan jira, sannan ta rubuta:

"Suna jinya, amma za su tashi. Ka rage yarda da waya, ka riƙa buɗe idonka, Ɓatacce."

Sunan da ya bi shi ke nan. Shi kuma ya sa mata Furena. Daga nan fa motar ƙwai ta riƙa ɓata zuwa ƙofar lambu a kai a kai, har Mama ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da ke ɓata wuri guda da turare a jikinsa ba.

Da maganar ta je kunnen Baba, sai ya ɗaure fuska. Ku sani, motocin nan sun ci masa rai. Sun taɓa rushe masa gefen katanga, sun karya masa famfo, ga hayaƙi yana ƙona masa ganye. Ya ce duk wanda zai zo neman 'yarsa ya zo, amma ban da direban da ke bin waya.

"Mutumin da waya za ta ce ya faɗa rami ya faɗa, shi zan damƙa wa Auta?"

Mama ta yi lallashi, ta ce yaron nan yana da ladabi, ga sana'arsa a hannu. Baba ya ce ya ji, ya ɗauki almakashinsa ya shiga cikin furanni.

Akwai kuma wani Mai Faci da ya kafa rumfa a ƙarshen layin. Duwatsun wurin juyawa suna yawan fasa tayoyi, don haka kuskuren taswira shi ne abincinsa. Ya daɗe yana son Auta. Kullum yana gaida Baba har ƙasa, yana kama masa ɗaukar buhun taki, Baba kuwa yana yaba hankalinsa.

Ɓatacce bai yi fushi da Baba ba. Ya ce wa Auta dattijon yana da gaskiya. Ya ɗauki hotunan mahaɗar hanyoyin da na ƙofar lambu ya tura wa masu taswirar, ya bayyana musu cewa sun musanya hanyoyin biyu. Suka amsa da cewa ana dubawa. Ya sake turawa, suka sake cewa ana dubawa. Motoci dai ba su fasa zuwa ba.

Ana nan sai Auta ta ga ya rage kiranta da safe, lokacin da suka saba hira kafin ya fita rabon ƙwai. In ta tambaya sai ya ce yana kan hanya. A daidai lokacin kuma motocin safe suka ɗauke daga layin, lambu ya yi tsit, amma hankalinta bai kai nan ba. Mai Faci ne ya lura, don cinikinsa ne ya faɗi, kuma ya san dalili sarai.

Ya same ta tana jera tukwane, ya ce shi ba mai kai gulma ba ne, amma ta duba wayarta ta ga inda mutumin nata yake kwana biyun nan da sassafe. Dama ita da Ɓatacce sun buɗe wa juna wurin da ke nuna inda kowa yake a waya. Ta duba. Ga ɗigon Ɓatacce a tsaye cak, a kan wani suna da taswira ta rubuta: shagon gyaran gashi na mata. Washegari ma haka. Rana ta uku ma haka.

Ta rubuta masa:

"Ashe kan hanyar taka a shagon kitso take. Allah ya ba da sa'a. Kada ka ƙara ɓata zuwa ƙofarmu."

Amsa ta zo nan take:

"Furena, wane shagon kitso kuma? Ki zo inda ɗigon yake gobe da safe ki gani da idonki. In kin ga abin da ba ki so, ba zan ƙara damunki ba."

Ta wuni idanu jajir. Baba ya tambaya, Mama ta faɗa masa. Ya ce madalla, gobe tare za su je, ta ga halin direbobi da kanta ta huta.

Da safe suka taka har mahaɗar, uba a gaba, 'ya a baya tana jan ƙafa. Babu shago a wurin. Mai kitson ta tashi tun tuni, ko rumfarta ba ta rage ba, taswira ce kawai ba ta sani ba. Abin da ke wurin shi ne motar ƙwai a gefe, da Ɓatacce a cikin rana riƙe da wani allon katako da ya rubuta wa da fenti: BABBAR HANYA TA YI HAGU. NAN BA YA ƁULLEWA.

A gabansa wata tirela ce ta tsaya, direbanta ya leƙo yana masa faɗa. Yana cewa shi wayarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, wane ne shi da zai tare hanyar gwamnati da katako. Ɓatacce yana ta roƙonsa, gumi har cikin ido, yana cewa akwai dattijo a can ciki da shukokinsa, don Allah ya bi hagu.

Baba ya tsaya yana kallo. Can sai ya gyara hularsa ya ƙarasa gaban tirelar.

"Kai, ɗan nan. Ni ne hanyar gwamnatin da wayarka take nufi. Ƙofar gidana ce. In ka shiga, da baya za ka fito, kuma ina nan ina kallonka."

Direban ya yi ƙunƙuni ya karya kan motarsa hagu. Baba ya juyo ya dubi saurayin tun daga sama har ƙasa, ya tambaye shi tun yaushe yake wannan aikin. Ya ce tun da ya ga masu taswira ba su gyara ba. Kafin ya fita rabo yake zuwa, don da safe ne manyan motoci suka fi yawa. Baba ya ce me ya hana shi faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce yana jin kunya ne, kada a ce don a ba shi mata yake yi.

"To don me kake yi?"

"Don a ba ni ne, Baba. Amma ko ba a ba ni ba, lambun ya huta."

Baba ya yi dariyar da Auta ta daɗe ba ta ji ba. Ya karɓi allon ya ce ya je ya kai ƙwan mutane kafin su dahu a mota, shi zai riƙe na yau. Sannan ya ƙara da cewa ya turo manyansa.

Auta ta bi shi har jikin mota, ta kasa haɗa ido da shi. Ya ce mata a hankali, wa ya ce a rage yarda da waya? Ta rufe fuska da mayafi ta ce ya tafi, rana tana yi.

Bai yi nisa ba saƙonta ya same shi:

"Ka yafe mini, Ɓataccena. Ka sha ruwa, ka yi gumi da yawa."

Daga ranar Baba ya mayar da mahaɗar wurin zamansa na safe. Duk direban da ya tare, sai ya sa shi ya tura wa masu taswira ƙorafi kafin ya wuce. Da ƙorafin ya yi yawa, wata rana aka wayi gari rawayar ta koma kan hanyarta, layin Baba ya zama siriri kamar kowane layi.

Aka ɗaura aure cikin farin ciki, Mama tana hawaye tana sa albarka, Baba yana cewa Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Mai Faci ya zo ya ba Auta haƙuri, ta yafe masa, ya mayar da rumfarsa bakin babbar hanya inda ciniki ya fi na da. Ango ya ci gaba da rabon ƙwai, amarya ta buɗe nata wurin furanni a kusa da gidansu. Baba da Mama suna nan a lambunsu, yanzu sai dai kukan tsuntsaye ya tashe su da safe.