Kwamitin Magudanar Ruwa

Ranar da majalisar birnin Parakou ta kafa kwamitin gyaran magudanar ruwan unguwar Ladjifarani, mutum biyu kawai aka sa, waɗanda suka fi damun kowa da surutu: Muttaƙa na jam'iyya mai mulki da Rauda ta 'yan adawa. Shugaban majalisa so yake kunnensa ya huta.

A bakin kwata suka fara haɗuwa. Muttaƙa na cikin nuna mata inda ruwa ke kwanciya, santsi ya kwashe shi, ya zauna daram cikin taɓo.

"Ranka ya daɗe, yau dai gwamnati ta faɗi," in ji Rauda, tana miƙa masa sanda.

Ya ɗago zai rama, ya ga dariyarta, nan take ta kwanta masa a rai.

Wata biyu suna zaga unguwa suna gardama, har suka kai rahoton da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Da yamma Muttaƙa ya rubuta mata: "Sanyin idona, daga yau ƙuri'ata taki ce, ba sai an yi kamfe ba."

Sai dai saƙon cikin gurup ɗin jam'iyyarsu ya faɗa.

Kafin la'asar ta washegari ya zaga gari. Shafi'u, ɗan jam'iyyarsu Rauda da ya daɗe yana nemanta, ya hau mota har Djougou ya nuna wa mahaifinta, Alhaji Daouda mai goro, ya ce dabara ce ta janye ta daga adawa. Ita ma Rauda maganar ta shige ta, ta tafi gida Djougou, kwana uku ba ta ɗaga wayar Muttaƙa ba.

Muttaƙa ya bi ta har Djougou, ya durƙusa gaban Alhaji.

"Kujerar 'yata kake so, ba ita ba," in ji Alhaji.

"Baba, wallahi ta zauna a adawa har ta tsufa. A gida ma na yarda ta yi adawa da ni, na riga na saba."

Aka ji wata 'yar dariya bayan labule. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon Rauda ne: "Mon cher, masoyina, ka daina rantsuwa, na yarda."

Alhaji ya ce tunda su 'yan majalisa ne, a kaɗa ƙuri'a a gidan, don ya tabbata ba mai saɓa masa. Aka tara iyali. Hannu goma sha ɗaya suka tashi wa Muttaƙa, har da na Inna, mahaifiyar Alhaji, wadda ta ɗaga biyu.

"Inna, ɗaya ake ɗagawa," in ji Alhaji.

"Ɗayan na marigayi ubanka ne."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Manyan jam'iyyun biyu suka zauna tabarma ɗaya, suna cin goro suna kallon juna a kaikaice. Liman ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, kowa ya shafa. Alhaji ne ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.