Akwatin Ƙyanƙyasar Halimatussa'adiya

Ana gama sallar Juma'a wata mata ta shigo komisariya, ofishin 'yan sandan Maraɗi, da ƙwan zabo guda a tafin hannunta. Ta miƙa wa Insifekta Zakariya'u.

"Taɓa ka ji, Yallaɓai. Ya fara hucewa."

Sunanta Halimatussa'adiya, a Sabon Gari take. Da kanta ta mayar da gangar tsohon firigo, wato firiji, akwatin ƙyanƙyasa. Ta sa masa ampul biyu na lantarki da ƙaramar fanka da tasar ruwa, batir yana ba shi wuta. Zubin farko ƙwan dahuwa suka yi. Ta yi ta gyara, ta huda ramukan iska, ta yanka tagar gilashi, har matan Jiratawa suka yarda suka kawo mata ƙwan zabinsu. Yau ta dawo daga kasuwa ta tarar babu akwatin.

Da suka isa ɗakin da take ajiye akwatin, Zakariya'u ya duba kwaɗo, ba a fasa shi ba. Ƙwan kuwa an jera su a kan zane, an lulluɓe da bargo, ko ɗaya bai fashe ba.

"Ɓarawon nan ya tausaya miki," in ji shi. "Wa ke da makulli?"

"Ni da ƙanena Abdulrazak, ɗan kabu-kabu. Ba shi ba ne. Sha'ibu mai walda nake zargi, ya daɗe yana son ganin cikin akwatin."

"Ƙwan za su kai yaushe?"

"Da sanyin nan? Ba za su kai magariba ba."

A shagon walda Sha'ibu ya rantse bai ga akwati ba. Zakariya'u ya sa ƙafa ya turo wasu ƙarafa daga ƙarƙashin benci. Halimatussa'adiya ta gane mariƙin ƙwanta.

"Wa ya kawo?"

Sha'ibu ya goge fuska. "Abdulrazak ne. Ya ce in cire ƙarafan ciki, in ƙara ramukan iska. Ya haɗa ni da Allah kar in faɗa."

A tashar kabu-kabu aka ce tun jiya ba a ga Abdulrazak ba. Insifekta ya kira shi a waya.

"Ina Dakoro, Yallaɓai, na kai fasinja."

A bayan muryarsa wata tsohuwa tana cewa a miƙo auduga. Halimatussa'adiya ta dafe ƙirji.

"Muryar surukarsa ce. Matarsa Fadila tana gidansu a Tibiri, cikinta wata bakwai."

Suka shiga mota sai Tibiri.

Sun tarar da akwatin a tsakar ɗaki, fanka tana juyawa. Fadila tana kwance a tabarma, zazzaɓi yana kaɗa ta. Zakariya'u ya durƙusa ya leƙa tagar gilashin. Jaririya ce a cikin auduga, duk tsawonta bai wuce takalminsa ba, haƙarƙarinta yana hawa yana sauka.

Abdulrazak ya miƙe daga gefen batir.

"Ni na ɗauka. Jiya ta haihu. Mun je asibiti aka ce gadajen gilashi sun cika, wai uwar ta rungume ta a ƙirji. Ga uwar nan, ko zama ba ta iyawa. Da safe na taɓa ƙafar yarinyar na ji ta yi sanyi."

"Me ya hana ka tambaye ni?" in ji Halimatussa'adiya.

"Da kin ba ni, Yaya. Sai matan Jiratawa su kama ki. Gara su kama ni."

Ta matso ta duba ma'aunin zafi. Ta kashe ampul ɗaya, ta ƙara ruwa a tasa.

"Yallaɓai, na janye ƙarata."

"Ƙwan ba naki ba ne, Hajiya. Masu su sun riga sun kira ofis, gobe za su zo."

Ya fita tsakar gida ya kira wani likita da ya sani a Maraɗi. Ya daɗe yana saurare. Da ya dawo bai kalli kowa ba.

"Ya ce akwatin kaji ba wurin mutum ba ne, a kawo ta yanzu. Amma bai yi alkawarin gado ba."

Ba su cire jaririyar ba. Suka ɗauki akwatin gaba ɗaya zuwa bayan motar 'yan sanda, Halimatussa'adiya tana rungume da batir don kada waya ta tsinke. Surukar da wata maƙwabciya suka tallafo Fadila.

Ɗan sandan da ke tuƙi ya ciro ankwa. Zakariya'u ya girgiza kai.

"Wa zai riƙe akwatin in mun shiga rami? Daga asibiti sai komisariya, Abdulrazak. Ka ji?"

"Na ji, Yallaɓai."

Ya hau ya zagaye akwatin da hannu biyu, ya manna goshinsa a gilashin. Suna fita Tibiri aka fara kiran magariba.

"Tana numfashi?" in ji Fadila.

"Tana yi," in ji shi. "Direba, a hankali."